Lemon "zero", ruwan soda ko zoɓon gida: me za ki sha bayan al'ada ta ɗauke?

Telata ce ta fara tona mini asiri. Na kai mata atamfa ana saura sati uku bikin 'yar ƙanwata, na ce ta ɗinka da tsohon awo. Ta ce, "A'a Hajiya, bari dai mu sake." Ta zagaya tef a ƙuguna, ta duba littafinta, ta sake zagayawa, sai ta yi shiru tana murmushi. Inci huɗu suka ƙaru, duk a ciki, hannu da kafaɗa suna nan yadda suke. Shekaruna hamsin da biyu a lokacin, al'ada ta fi shekara da ɗaukewa, kuma da za a ba ni Alƙur'ani zan iya rantsewa ban ƙara loma ɗaya a kan tuwon da na saba ci ba. Abin da ban taɓa sawa a lissafi ba shi ne kwalbar lemo mai raɓa da nake buɗewa kullum bayan la'asar, wani lokaci a ƙara ta biyu da dare idan zafin nan mai tasowa daga ƙirji ya hana ni barci.

Yawancin mata al'ada kan ɗauke musu tsakanin shekara 45 zuwa 55, kuma likitoci na cewa ta ɗauke ne idan an yi wata 12 cur ba a gan ta ba. A wannan tsakani sinadarin jikin mace da ake kira estrojin yana raguwa, kitsen da a da yake zama a ƙugu da cinya sai ya dawo ciki ya zama teɓa. Tsoka tana raguwa da shekaru, jiki ya rage ƙona abinci. Ga gumin dare yana yanka barci, wadda ba ta yi barci ba kuwa washegari kwaɗayin zaƙi ne zai addabe ta. Don haka wadda ta ce miki "ai ki daure kawai" ba ta kai nan ba tukuna.

Lemon kwalba na yau da kullum irin su Coca-Cola yana ɗauke da sukari wajen giram 10 da ɗan ɗori a kowace mililita 100. Robar nan ta 50cl ke nan ta haura giram 50, kusan ƙwaya goma ta sukari mai iyali. Wace ce a cikinmu za ta jefa ƙwaya goma a kofin shayi tana kallo? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce kimanin giram 50 a yini, in da hali ma ya tsaya a 25. Roba ɗaya ta cinye rabon yini kaf, ba a zo maganar kokon safe ba. Harajin naira 10 a kan kowace lita da gwamnatin Najeriya ta sa wa irin waɗannan lemuka a dokar kuɗi ta 2021 bai hana kowa sha ba, ni dai bai hana ni ba.

To me za a saya a madadinsa? Na gwada kusan duk abin da ke cikin firjin mai shago, ga yadda na same su.

Malt ki manta da shi. Sunan "ƙarin jini" da muka laƙaba masa ne yake yaudararmu, ki juya gwangwanin ki karanta, sukarinsa na gogayya da na lemo, wadda ta haɗa shi da madarar gwangwani kuma sai dai a ce Allah ya kyauta. Lemon kwali mai hoton 'ya'yan itace shi ma jirgi ɗaya ya kwaso su, ko da an rubuta ba a ƙara sukari ba, zaƙin 'ya'yan itacen da aka tace aka zubar da dusar sukari ne a wajen jiki. Kunun zaƙi da kunun aya na sayarwa abinci ne, ba abin kashe ƙishirwa ba ne.

Sai lemon da ake kira "zero" ko "diet", wanda shi ne yawancin ƙawayena suka koma wa. Zan yi masa adalci: babu sukari a ciki, kuma wadda take shan roba biyu ta mai sukari a yini, in ta koma wannan, ta sauke wa jikinta kaya mai nauyi. Zaƙinsa daga sinadarai ne irin su aspatem da asesulfem. A watan Yulin 2023 an yi ta yawo da saƙo a WhatsApp cewa aspatem na sa ciwon daji. Gaskiyar abin da ya faru shi ne cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a rukunin abubuwan da "mai yiwuwa" ne su jawo cutar, bisa hujja mai rauni, kwamitin da ke kula da sinadaran abinci kuma ya bar iyakar da aka sani, miligiram 40 a kan kowane kilo na nauyin mutum a yini. Mai kilo 70 sai ta sha gwangwani 9 zuwa 14 kullum kafin ta tsallake. Wannan bai tayar mini da hankali ba.

Abin da ya fi shafarmu shi ne shawarar da hukumar ta fitar a watan Mayun shekarar, cewa kada a dogara da irin waɗannan sinadaran zaƙi don rage ƙiba, domin ba a ga amfaninsu mai ɗorewa a kan kitsen jiki ba. Ta ware masu ciwon sukari daga wannan shawara, su maganarsu tana wajen likitansu. Ni kuma na ga hakan a jikina. Wata huɗu ina shan "zero", tef ɗin telata bai motsa ba, saboda harshena bai bar neman zaƙi ba, kuma zuciyata tana raya mini cewa tunda lemon babu sukari ai na ci bashin cincin da alkaki. Ga kuma kafeyin, sinadarin nan mai hana barci, da ke cikin mai launin kola, wanda in na sha da yamma sai zafin dare ya ƙaru, ido ya bushe har asuba. Akwai wani dogon bincike da aka yi a garin Framingham na Amurka, aka wallafa a 2006, wanda ya ga mata masu yawan shan kola, har da marar sukarin, ƙashin ƙugunsu bai kai na sauran ƙwari ba. Bai tabbatar da cewa kolar ce sanadi ba, amma mu da ƙashinmu ya riga ya fara sakewa tun da estrojin ya tafi, ban ga dalilin ƙara masa abokin gaba ba. A wajena "zero" na ranar biki ne, lokacin da kowa ke riƙe da kwalba kuma ba kya son a fara tambayarki ko lafiya.

Ruwan soda, wato ruwa zalla mai gas, ya fi shi. Da yawanmu ba zaƙin muke nema ba, wannan cizon da gas ke yi a maƙogwaro ne da sanyin. A matse rabin lemon tsami a ciki, shi ke nan. Matsalarsa biyu: ba kowane shago ke da shi ba sai manyan kantuna, kuma yaron shago zai miƙo miki tonik ko bita lemon ya ce ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne, waɗannan biyun ɗacinsu ne yake ɓoye sukarin da ke ciki. Mai gyambon ciki ko kumburi kuma gas ɗin zai iya damunta.

Ni dai zoɓo ne ya fitar da ni, kuma ba na ɓoye son da nake masa. Namu ne, Jigawa na cikin jihohin da suka fi noma shi, daga kasuwanni irin ta Maigatari ake lodinsa har ƙasar Meziko, mu kuma muna nan muna ba da kuɗinmu ga ruwan kala. Kuɗin lemon sati ɗaya zai saya miki zoɓon da zai kai ki wata. Yana da abin da kwaɗayin la'asar yake nema: launi mai ɗaukar ido, tsami mai tsayawa a harshe, sanyi, kuma babu kafeyin a cikinsa.

A kasuwa ki nemi mai duhun ja sosai, busasshe ƙayau wanda in kin matsa zai yi ƙara. Ki ɗebo ki sunsuna. In kin ji warin rima ko kin ga farin ƙura-ƙura a jikinsa, ya sha danshi, ki bar musu kayansu. Ki zura hannu har ƙasan buhu, don a nan yashi da kara suke kwanciya, na saman ado ne. A gida ina ɗauraye cikin hannu biyu sau biyu da sauri, in zuba a tukunya da ruwa kamar lita biyu, citta ɗanya da aka daddaka, kanumfari bai fi ƙwaya shida ba, da ɓawon abarba da na wanke da kyau. Tafasa ɗaya zuwa biyu, in sauke in rufe ya huce da kansa. Bayan an tace sai na'a-na'a ko yankan kokwamba, a ɗura a gora a sa a firji. Ɓawon abarbar nan shi ne sirrin, ƙamshinsa yana sa harshe ya ɗauka akwai zaƙi alhali babu.

Kada ki yanke sukari rana ɗaya, za ki tsani zoɓon ki koma gidan jiya. Na fara da cokali biyu a kofi, bayan sati na koma ɗaya, sai rabi, a sati na biyar na daina. Yanzu in na kurɓi na gidan biki sai in ji kamar an narka alewa. Masu cewa a sa dabino ko zuma ko mazarƙwaila "tunda na gargajiya ne", su sani jiki bai san gargajiya ba, zaƙi zaƙi ne, sai dai a sa kaɗan. Ranar da na yi marmarin gas, rabin kofi zoɓo mai kauri, rabin kofi ruwan soda, ƙanƙara biyu. Jikata ta ce ya fi na kanti kyau a ido.

Zoɓo ba ya narka teɓa, duk wanda ya gaya miki haka ciniki yake nema. Aikinsa kawai ya tare gurbin kwalbar nan. Yana ɗan saukar da hawan jini, an gwada an gani, shi ya sa wadda ke shan maganin hawan jini ko na sukari ta gaya wa likitanta kafin ta mayar da shi abin kullum, kuma kada ta kuskura ta ajiye magani saboda shi. Kofi biyu a yini sun ishe ni, tsaminsa kuma yana cin haƙori, sai a kurkure baki da ruwa bayan an sha.

Zoɓon sayarwa kuwa wata duniya ce daban. Na roba da na ƙulli yawanci sukari ne maƙil, wasu su haɗa da sakarin don riba, su zuba garin kala da na ƙamshi har ki rasa ɗanɗanon zoɓon. Ki duba harshen yaron da ya sha, in ya yi ja kamar an shafa janbaki har magariba, kala ce. Robobin kuma tsintattu ne daga wuraren biki, ba ki san bakin da ya sha ba, ba ki san ruwan da aka wanke su da shi ba. Har masu liƙa takarda su rubuta "babu sukari" ban yarda da su ba sai na ga girkin da idona.

Lemon kamfani ma akwai jabunsa. A watan Disambar 2023 hukumar NAFDAC ta rufe shaguna sama da 200 a wata kasuwa a Aba inda ake haɗa lemuka da giya na jabu ana ɗurawa a kwalaben kamfanoni. Ki duba murfi, ko zoben da ke ƙasansa a haɗe yake. Ki duba kwanan wata, in ya yi kamar an goge an sake bugawa, ko rubutun yana fita in kin murza da yatsa, ki ajiye. Wanda aka jibge a rana a bakin titi ma ki wuce shi, musamman "zero", don aspatem ba ya jure zafi, zaƙin yakan gudu ya bar wani ɗanɗano kamar magani.

Amma waɗanda suka fi ci mini rai su ne masu shayin rage tumbi. Sun san shekarunmu, sun san muna jin kunyar zanin da ya daina zagayowa. Wata mai talla a Instagram ta sayar mini da fakiti uku da hoton "kafin" da "bayan", babu lambar NAFDAC, babu jerin abin da ke ciki, sai rubutun "na ganye zalla". Daren farko na yi zarya bayan gida sau bakwai. A kwana na huɗu sikeli ya nuna kilo biyu sun tafi, na kira ƙawata ina murna. A kwana na shida na tashi daga sujada sai duhu ya rufe mini ido, na dafa bango, ƙirjina yana bugawa kamar ana daka. Ma'aikaciyar jinyar da ta sa mini ƙarin ruwa ta juya fakitin ta ce, "Mama, wannan ai filasko ne da maganin sa fitsari, ruwan jikinki kika zubar, ba kitse ba." Sati biyu kilo biyun suka dawo da ƙannensu. Da na rubuta wa mai tallar, ta ce ai alamar yana aiki ke nan, in ƙara fakiti biyu, daga nan ta toshe ni. Kuma na yi sa'a, domin a ƙasashe da dama an sha kama irin waɗannan shayi da ƙwayoyi da sibutramin a ɓoye, maganin rage ƙiba da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda yana jawo bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Mace mai shekara hamsin da hawan jini ta sha wannan a matsayin ganye! Duk mai ce miki kilo goma a wata ɗaya, ko "ki ci abin da kike so", ko ta ƙi nuna miki bayan fakiti kafin ki tura kuɗi, ki rufe wayarki. Ko da lambar NAFDAC ɗin ma kada ki saki jiki, ana buga ta jabu.

Abu biyu kuma ba na shago ba ne, na asibiti ne. In ƙishirwar ta wuce misali, kina yawan fitsari da dare, kina rama ba dalili, ki je a auna sukarinki kafin ki zaɓi kowane abin sha. In kuma jini ya dawo bayan shekara da ɗaukewa, ko ɗigo ne, kada ki tsaya tambayar maƙwabta.

Da ƙaramar sallar bana na koma wajen telata. Wata tara ke nan ina zoɓo, ina zagaya unguwa da ƙafa bayan asuba da maƙwabciyata, na rage malmalar tuwon dare na ƙara wake da ganye. Ta zagaya tef, ta soke tsohuwar lamba da biro, ta rubuta sabuwa. Inci biyu da rabi suka tafi, ɗaya da rabi ya ce yana nan daram. Na ce ta bar mini ɗan sarari a ɗinkin, akwai bikin ɗan yayana bayan babbar sallah.