Kyamarar Makaranta Don Maganin Cin Zali: Wacce Za Ka Saya, Wacce Za Ka Bar Wa Mai Ita?

Tun daga sace ɗaliban da aka yi a sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disambar 2020, duk uban da ya kawo ɗansa makaranta a Katsina sai ya ɗaga kai ya dubi katanga, ya dubi mai gadi, sannan ya tambaya ko akwai kyamara. Masu makarantu sun gane haka, shi ya sa za ka tarar da guda ɗaya ko biyu a bakin ƙofa suna kallon titi. To amma wanda ke ƙwace wa ɗanka kuɗin tara, ya sa shi tsallen kwaɗo a bayan aji, ko ya tilasta masa wankin kaya da ɗibar ruwa, ai ba ta ƙofa yake shigowa ba. Yana ciki, sanye da kayan makaranta irin nasa, wani lokacin ma shi aka ba shugabancin ɗalibai.

Abin ba ƙarami ba ne. A rahoton da UNESCO ta fitar a 2019 ta ce kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya an ci zalinsa a makaranta aƙalla sau ɗaya cikin watan da ya gabaci binciken. Mu ma nan gida mun ga bidiyon da ya karaɗe ƙasar nan a Afrilun 2024, inda ake ta sharara wa wata ɗaliba mari a wata makarantar kuɗi ta Abuja, har aka rufe makarantar na 'yan kwanaki. Saboda haka wannan magana da masu makarantu nake yin ta, da 'yan kwamitin iyaye da malamai, waɗanda za su fitar da kuɗi su sayi kaya.

Kafin ka tambayi farashi, Malam, ka san halin wanda kake son karewa. Yaron da aka zalunta ba ya faɗa a ranar. Yana tsoron siniya, yana tsoron a ce masa ɗan gulma. Sai uwa ta ga ya daina cin abinci, ko ya fara ƙirƙiro ciwon ciki duk ranar Litinin, ta lallaɓa shi, sannan magana ta fito, watakila bayan mako biyu. Kyamarar da ke goge abin da ta ɗauka bayan kwana uku ba ta da abin da za ta faɗa maka a ranar. Wannan ne ma'aunina na farko, sai wuta, sai ganin dare, sai jure ƙurar hunturu da zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40 a garin nan.

Kyamara mai kama da ƙwan lantarki, wadda ake murɗawa a soket, ka bar ta: ɗan aji uku zai kwance ta da hannu ɗaya. Ta Wi-Fi ta ɗaki ce, da ta haɗu da bangon bulo biyu sai hoto ya fara tsinkewa. Mai sola da layin waya tana da kyau a gona ko a kangon da ake gini, amma galibinsu barci suke yi sai sun ji motsi su farka su ɗauki 'yan daƙiƙu, kafin nan an riga an yi marin. Ga kuɗin data kowane wata. Tsohuwar mai akwatin ajiye hoto na DVR da wayar eriya ba na raina ta, tana aiki kuma ta fi araha, in aljihu ya gaza a saye ta.

Wadda nake so, kuma ba na ɓoyewa, ita ce mai waya ta IP da ake haɗawa da akwatin ajiye hoto na NVR ta tsarin da ake kira PoE. Waya ɗaya ce tak, irin ta intanet, take kai wa kyamara wuta kuma take dawo da hoto, har tsawon mita 100 ba tare da an ƙara komai ba. Amfanin wannan a makaranta babba ne. Duk wutar daga wuri guda take fita, wato ofishin shugaban makaranta, don haka babu soket a baranda da yaro zai zare, babu adafta da za ta ɓace ranar da ake neman ta. Ka haɗa akwatin da ƙaramar inbata da batir da faranti ɗaya ko biyu na sola, shi ke nan ko an ɗauke wuta tana ci gaba da aikinta. Ba ta da ci: kyamara takwas da akwatinsu ba kasafai suke kai wat 100 ba. Ba ta buƙatar data kafin ta ɗauka, sai dai in kana son leƙawa ta wayarka daga nesa. Kuma ɗauka take yi ba tsayawa, dare da rana, ta yadda za ka ga yadda rigimar ta faro, wa ya fara, da su wa suka tsaya suna dariya. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci. Shirin yaƙi da cin zali a makarantu mai suna KiVa na ƙasar Finland, wanda jami'ar Turku ta tsara, a kan 'yan kallo ya fi mayar da hankali, domin su ke ba mai cin zali ƙarfin gwiwa.

Ga lissafin ajiya a sauƙaƙe. Kyamara mai megafiksel 2, in an saita ta a tsarin matse bidiyo na H.265, tana cin kamar gigabait 20 a yini. Takwas kenan kusan 160. Hadis, wato ma'ajiyar hoton da ke cikin akwatin, mai terabait 4 zai riƙe maka kusan mako uku. Kada ka yarda da ƙasa da haka, ko da za ka rage yawan kyamarorin. A nemi mai lambar IP66 ko IP67 saboda ƙura da ruwan damina, sannan a ba wani aikin goge gilashinsu in hazo ya sauka.

Inda za a kafa su kuma kada ka bar wa mai haɗawa, shi inda tsani ya fi sauƙin kaiwa yake nema. Ka tambayi 'yan aji ɗaya inda suke tsoron bi. Za su nuna maka bayan ajin ƙarshe, layin famfo, hanyar banɗaki, ƙofar ɗakin cin abinci, da lungun da ke tsakanin masallaci da katanga. Cikin banɗaki da cikin ɗakin kwana haram, musamman a makarantar 'yan mata. A tsaya a ƙofa, a ga mai shiga da mai fita. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ba bayanan yara kulawa ta musamman, saboda haka a sanar da iyaye a rubuce, kuma kada hoton ɗan kowa ya fita zuwa WhatsApp da sunan kafa hujja.

Yanzu bari in zo inda ya fi ci mini rai, wato ha'inci. A makarantar da nake cikin kwamitinta wani ya taɓa haɗa mana kaya, kwalaye sababbi fil, fitilu suna ƙyaftawa, hoto tar a allo. Ranar da wata uwa ta zo tana kuka an kumbura wa ɗanta ido, aka buɗe akwati, wayam. Hadis ɗin gwanjo ne da aka liƙa wa sabuwar takarda, ya mutu tun tuni, allon yana nuna abin da ke faruwa ne kawai, ba ya ajiye komai. Kunyar da muka sha a gaban baiwar Allahn nan ba ta misaltuwa.

Don haka hadis shi ne farkon abin bincike. A sayi wanda aka ƙera don kyamara, irin WD Purple ko Seagate SkyHawk, kuma a gabanka a buɗe shafin S.M.A.R.T., mai nuna lafiyar hadis, da ke cikin akwatin, a nuna maka awannin da ya yi yana aiki. Sabo ba ya nuna dubbai. Katin ajiya ma haka: akwai wanda aka rubuta wa gigabait 128 alhali cikinsa bai kai goma ba, yana cika sai ya riƙa cinye na baya shiru.

Sai waya. Kasuwa cike take da wadda aka yi da alminiyam aka shafa mata jan ƙarfe a sama. Ka sa wuƙa ka kankare silin ɗaya. In fari ya bayyana a ƙasa, mayar masa da abinsa. Irin wannan ce ke sa kyamarar da ke nesa ta riƙa mutuwa da daddare, daidai lokacin da fitilar ganin dare ta kunna tana neman ƙarin wuta. Sunan kamfani ma ana satarsa. Hikvision da Dahua sun yi suna, shi ya sa ake manna tambarinsu a kan tarkace. Lambar da ke jikin kwali, da ta jikin kyamara, da wadda akwati ya nuna, dole su zama ɗaya. Akwai masu rubuta megafiksel 8 a kwali alhali hoton ba ya bambance fuskar Musa da ta Isa daga taku goma. Akwai ma kyamarar bogi, fanko ce mai jar fitila, a cusa maka biyu cikin takwas a can saman da ba ka hawa. Kuma kada mai haɗawa ya tafi da lambar sirri a aljihunsa. A canza ta a ranar, ta zauna a hannun mutum biyu amintattu, in ba haka ba yana gidansa yana kallon 'ya'yan mutane.

'Yan kasuwa sun fara zuwa da sabon zance, wai kyamara mai ƙirƙirarriyar basira da ke gane faɗa da kanta ta buga maka waya. Wadda ke sanarwa in mutum ya tsallaka wani layi da aka shata mata da dare, wannan gaskiya ce kuma tana da amfani a bayan ɗakin kwana. Sauran kuwa ni ban ga abin ƙara kuɗi a kai ba tukuna, don ba ta jin abin da aka raɗa wa yaro a kunne. Gaba ma abin wani wuri zai koma. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, na'urori sai ƙara shigowa aji suke yi, kuma zagi da yaɗa hoton ɗaliba a zauren WhatsApp babu kyamarar da za ta gan shi. Saboda haka cikin kasafin a ware ɗan abin da zai sayi akwatin ƙorafi na ƙarfe da kwaɗo, a kafa shi a wurin da kyamara ba ta kallo, a ba malamin da yara suka yarda da shi makullin.

Maganar biya kuma, a rubuta a takarda: kashi biyu cikin uku bayan an gama aiki, ragowar sai bayan mako uku. Ranar da mai haɗawa ya zo karɓa, ka zaɓi wani dare daga makon farko, wanda ka san ba a kawo wuta ba, ka ce ya nuno maka layin famfo da ƙarfe biyu.