Inda ya kamata ka ƙara kuɗi, da inda araha ta wadatar

A watan Afrilu ake sanin kayan ƙwarai a gidajen Yamai. Zafi ya haura digiri 40 tun kafin azahar, wuta tana zuwa tana tafiya, sai kowane abu ya fito da halinsa: ralanj, wato doguwar wayar jona kayan wuta, ta narke, batir ya kumbura, tiyon gas ya tsattsage. Shi ya sa kafin in ƙara kuɗi a kan abu nake yi wa kaina tambaya guda: in ya lalace, shi kaɗai zai tafi, ko zai ja wani abu su tafi tare?

Ralanj ce ta koya mini wannan karatu. Na saye ta wajen wani mai tebur a bakin titi, jika ɗaya, fara sol, har da ɗan fitilarta ja. Ranar da uwargida ta jona dutsen guga, sai ƙauri ya cika ɗaki. Da na yanke wayar na duba, zaren cikinta bai fi gashin wutsiyar doki kauri ba, na kankare shi da wuƙa sai ga fari. Alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe a baya. Dutsen guga yana jan wat 1,000 zuwa sama, siririyar waya kuwa zafi take ɗauka idan an ɗora mata nauyin da ya fi ƙarfinta. Masu aikin lantarki suna sa waya mai kaurin 1.5 a fitilu, mai 2.5 a inda ake jona kaya masu jan wuta, kuma lambar tana rubuce a jikin robar. In ka shiga kasuwar Katako neman waya, ka nemi a yanko maka guntu ka kankare da kanka. Mai kayan kirki ba ya jin haushin wannan. Haka ma cajar salula: ta jika ɗaya da ta jika biyar duk za su nuna maka alamar caji, amma salular jika tamanin ce a ƙarshen igiyar.

Inda lissafi ya fi zurfi shi ne batirin sola. Iri biyu ne a gabanka: na darma, mai ruwa ko wanda ake ce wa jel, da na litiyom. Na darma ya fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba, sai dai yana da sharuɗɗa. Ba ya son a shanye fiye da rabin abin da ke cikinsa, wato mai 100Ah (ma'aunin yawan wutar da batir ke riƙewa) kamar 50 ka saya. Kuma a digiri 25 ake auna ƙarkonsa; duk ƙarin digiri 10 yana cinye kusan rabin rayuwarsa. To ka duba ɗakin kwano a unguwar Talladje ko Lazaret cikin watan Mayu ka yi lissafi da kanka. Na litiyom, musamman wanda aka rubuta wa LiFePO4, ana iya shan kashi 80 cikin 100 nasa, yana jure caji da saukewa sau dubbai, inda na darma ke tsayawa a ɗaruruwa. Wanda zai kunna fanka biyu da firji kowane dare, litiyom ne ya fi masa araha ko da ya ninka kuɗi. Wanda fitila uku da cajin waya kawai yake so, na darma mai kyau ya ishe shi, muddin ya aje shi a inuwa inda iska ke shiga.

In na darman za ka saya, ɗaga shi tukuna. Mai volt 12 da 100Ah na gaskiya yana kai kilo 28 zuwa 30, don darma ba ta ɓoye nauyinta. Na taɓa ɗaga wani da hannu ɗaya, na dubi mai shago na ce, "Alhaji, wannan ai azumi yake yi." Ya yi dariya ya ce, "Malam, kuɗinka ne suka zaɓa maka shi. Ga na ƙwaran can a ciki." Ka nemi takardar saye da garanti a rubuce, ba na fatar baki ba.

Sai gas. Tun da matatar Zinder ta fara aiki a 2011 gidaje da yawa suka rage itace da gawayi, tukunyar kilo 6 ta zama ƴar gida. Gas ɗin iri ɗaya ne, bambancin yana wajen kai da tiyo. Tiyon gas na asali yana da shekarar daina aiki a buge a jikinsa. Wanda ba shi da rubutu, mai yiwuwa tiyon ruwa ne aka yanko, kuma gas yana cin irin wannan roba. Bayan ka haɗa, shafa kumfar sabulu a mahaɗa. In ta yi ƙwai, akwai yoyo. A nan ba na ko taya farashi sosai.

Magani kuwa labarinsa biyu ne. Tiren da yaro ke yawo da shi a ka tsakar rana, bar shi ko da kyauta ne, domin yawancin ƙwayoyi an rubuta musu a aje su ƙasa da digiri 25 ko 30. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin kowane 10 na magunguna a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita jabu ne ko marar inganci. Amma da ka shiga farmasi, kada kyan kwali ya ruɗe ka. Farasitamol janarik, wato marar sunan babban kamfani, da mai babban suna sinadari ɗaya ne, ka tambayi janarik ka riƙe canjinka.

Mai moto ya ƙara kuɗi a man inji na rufaffiyar gwangwani da hular kwano mai kauri. Man da ake aunawa a tsohuwar kwalba ba ka san me aka gauraya masa ba, ƙurar hunturu kuma ba ta yafe wa inji.

Hausawa sun ce araha ba ta ado, amma ba ko'ina ba. Takalmin yaro ɗan shekara biyar, kafin ya tsinke ƙafar ta fi shi. Rigar salula, bokitin wanki, tsintsiya, in sun mutu su kaɗai suka mutu. Albasar Galmi da ka saya a kasuwar Wadata ita ce dai aka zuba a leda mai tambari a babban kanti, sanyin ɗakin kawai ka biya. Atamfa ce ke raba ni da uwargida. Ni ina ganin ta zaman gida kowace ma ta yi, ita kuma sai ta jiƙa bakin zanen da ruwa, ta murza a farin ƙyalle a gaban mai shago. In launi ya fita, ta aje masa abinsa mu ƙara gaba.