Zaɓen Baƙin Mai Ga Motar Dizal: Abin Dubawa Kafin A Biya Kuɗi

Mafi yawan masu motar dizal, idan lokacin juye ya yi, sunan kamfani da lambar kauri kawai suke dubawa a gaban jarka, alhali bayanin da zai nuna ko man ya dace da injinsu yana bayan jarkar ne, cikin ƙananan haruffan da ba kowa ke tsayawa ya karanta ba. Injin dizal ba da tartsatsin fulogi yake ƙona mai ba. Iska yake matsewa har ta yi zafin da man dizal zai kama da wuta da zarar an fesa shi, kuma wannan matsi mai tsanani yana sauka ne a kan fistin da ringi da sauran ƙarafan da ke gogayya. Ga kuma kunkunniyar da ƙonewar ke haifarwa, wadda wani ɓangarenta yake zarcewa cikin baƙin mai. Saboda haka aikin da ke kan man injin dizal ya fi na injin fetur nauyi: dole ya riƙe kunkunniyar nan a warwatse kada ta dunƙule, ya kashe kaifin asid ɗin da farar wutar cikin dizal ke haddasawa, sannan ya jure zafin turbo, wato na'urar da ke tura ƙarin iska cikin inji, ba tare da ya ƙone ya bar dauɗa ba.

Lambar kauri ita ce kowa ya sani, kuma ƙungiyar injiniyoyin motoci ta SAE ce ta tsara ma'auninta. A 15W-40, lambar farko da harafin W suna nuna yadda man ke gudana cikin sanyi lokacin tada inji, ta biyun kuma tana nuna kaurinsa idan inji ya yi zafi, a ma'aunin digiri 100. An daɗe ana amfani da 15W-40 a manyan motoci da tsofaffin injina, kuma har yanzu yana da kyau a inda babu sanyi mai tsanani. Ƙananan motocin dizal na zamani kuwa galibi 5W-30 ko 5W-40 ake rubuta musu, domin hanyoyin man cikinsu matsattsu ne, kuma ana so mai ya isa turbo cikin daƙiƙun farko bayan an murza makulli. Akwai wata al'ada da ban yarda da ita ba, wato zuba mai mafi kauri a kowane inji da sunan ƙarin kariya. Kauri fiye da kima yana jinkirta isar mai inda ake buƙatarsa, yana kuma ƙara shan dizal. Haka nan murza ɗigon mai tsakanin yatsu biyu don gane ingancinsa ba ya nuna komai, tun da sinadaran da aka gauraya a ciki, waɗanda su ne ainihin ƙarfin man, yatsa ba ya jin su.

Bayan jarka ne za a ga matakin API, wato ma'aunin cibiyar man fetur ta Amurka. Matakan da suka fara da harafin S na injin fetur ne, waɗanda suka fara da C kuma na dizal. An fito da CH-4 a 1998, CI-4 a 2002 don injinan da ke mayar da wani ɓangare na hayaƙi cikin inji, CJ-4 a 2006, sannan CK-4 a ƙarshen 2016. Sabon mataki yakan iya maye gurbin wanda ya gabace shi, don haka wanda littafin motarsa ya ce CI-4 zai iya zuba CK-4 hankali kwance. Amma akwai FA-4, wanda ya fito tare da CK-4, kuma shi ba ya cikin wannan jeri. An yi shi ne da ƙarancin kauri a yanayin zafi domin rage shan mai a wasu sababbin manyan injina, kuma bai kamata a zuba shi ba sai in kamfanin da ya ƙera injin ya ambace shi da sunansa.

Tambayar da ta fi kowace nauyi, wadda kuma ta raba zaɓin gida biyu, ita ce: shin motar tana da matatar kunkunniya a salansarta, wadda ake kira DPF, ko babu? Wannan matata tana tare kunkunniyar hayaƙi, sannan lokaci zuwa lokaci injin ya ɗaga zafin salansa ya ƙone abin da ya taru. Kunkunniya tana ƙonewa, amma tokar da ke fitowa daga sinadaran baƙin mai ba ta ƙonewa. Nan take zama, tana cike ramukan matatar sannu a hankali har motar ta fara rasa ƙarfi, fitilar gargaɗi ta kama, a ƙarshe sai an wanke matatar ko an sauya ta, kuma ba abu ne mai arha ba. Shi ya sa aka taƙaita tokar CJ-4 da CK-4 ga kashi 1 cikin 100. A ma'aunin ACEA na kamfanonin motocin Turai, a matakan ƙananan motoci, waɗanda suka fara da C su ne masu ƙarancin toka, kuma C3, wanda ya yawaita a ƙananan motocin dizal, tokarsa ba ta wuce kashi 0.8 cikin 100 ba. A3/B4 kuwa mai ne mai ƙarfi, cike da sinadaran wanke inji, ya dace da motar da ba ta da wannan matata, amma illa ne ga wadda take da ita. Jarka biyu za su iya ɗaukar 5W-40 iri ɗaya da sunan kamfani ɗaya, ɗaya A3/B4 ɗaya C3, kuma wanda bai juya bayansu ba ba zai taɓa sanin bambancin ba.

Ta ɗaya gefen kuma akwai ingancin dizal ɗin da motar ke sha. Mai mai ƙarancin toka an tsara shi ne da zaton dizal ɗin yana da ƙarancin farar wuta, kamar kashi 15 cikin miliyan ko ƙasa da haka. Inda farar wutar ta yi yawa, asid yana taruwa da sauri, kuma ƙarfin man na kashe shi, wanda ake rubutawa da TBN a takardar bayanin mai, yana saurin ƙarewa. Ga tsohuwar mota marar matata da ke shan irin wannan dizal, ni na fi natsuwa da CI-4, ko E7 na ACEA wanda matakin manyan injina ne, mai TBN mai yawa. Idan kuwa motar tana da matata kuma dizal ɗin ba mai tsafta ba ne, mafita ita ce a ci gaba da mai ƙarancin toka amma a rage tazarar juye.

Manyan kamfanoni suna da nasu lambobin amincewa, kuma idan littafin mota ya ambaci ɗaya, ita ce gaba da komai. Volkswagen na da 507 00, Mercedes na da 229.51 ga ƙananan motoci, BMW na da Longlife-04, Volvo na da VDS-4.5 ga manyan motoci, Cummins kuma CES 20086. A lura da lafazin da ke kan jarka, domin cewa kamfanin mota ya amince da mai daban, cewa mai sayarwa yana ganin man ya cika sharuɗɗan kuma daban. Na farkon an gwada shi an ba shi shaida, na biyun maganar mai kaya ce kawai.

Batun man ma'adini, wato wanda aka tace daga ɗanyen mai, da haɗaɗɗen mai na sintetik bai kai girman da talla ke ba shi ba. Sintetik ya fi jure zafi da sanyi, ya fi daɗewa bai lalace ba, kuma yawancin man 5W-30 da ya cika sharuɗɗan zamani dama daga gare shi aka yi shi. Man ma'adini 15W-40 mai matakin da ya dace yana riƙe tsohon inji lafiya lau muddin ana juye a kan kari. Sintetik mai matakin da bai dace ba kuwa, tsadarsa ba ta hana shi toshe matata.

Kada baƙin da man ya yi ya tsorata mai mota. A injin dizal, sabon mai yakan yi baƙi ƙirin bayan 'yar tafiya kaɗan, kuma hakan alama ce ta yana kwashe kunkunniya kamar yadda aka yi shi ya yi. Abin tsoro shi ne a zaro sandar awon mai a ga ya haura alamar sama maimakon ya ragu, ya tsinke kamar ruwa, kuma warin dizal na tashi daga gare shi. Wannan yakan faru ga motar da ke da matata amma gajerun tafiye-tafiye kawai take yi a cikin gari, inda ake yawan kashe inji kafin ƙonewar kunkunniyar ta kammala, sai dizal ɗin da aka fesa don aikin ya gangara cikin baƙin mai. Irin wannan mota tana cikin rukunin aikin wahala da littafinta ya ware wa gajeriyar tazarar juye, haka ma wadda ke jan kaya masu nauyi, ko take bin hanya mai ƙura, ko take daɗewa a kunne a tsaye. A kowane juye a sauya filtar mai tare da shi.

Jabun mai kuma ya zama ruwan dare, kuma galibi a jarkar sanannun kamfanoni ake ɗura shi. A saya wurin dillalin da kamfanin ya amince da shi, a duba hatimin murfi bai taɓu ba, a tabbata lambar rukuni da ranar haɗawa suna nan a buge sarai ba a goge ba. Idan an gama juye, a huda jarkar ko a yanka ta kafin a yar, domin jarka mai lafiya ita masu ɗura jabu suke nema.