Lambar naɗin Sarauniya ta 1953: ta gwamnati ce ko ta tsaraba?

Wani ɗan'uwa ya tsinci lamba a akwatin kakansa, mai kan Sarauniya Elizabeth da shekarar 1953, yana tambaya ko lambar girmamawa ce ta ainihi. Malam, iri biyu ne ke yawo, kuma tun daga fuskarsu ake raba su.

Ta gwamnati azurfa ce, faɗinta milimita 32. A gabanta akwai Sarauniya sanye da kambi tana duban dama, babu rubutu ko harafi ɗaya a kewayen kanta. Wannan ne babban ma'auni. A bayanta akwai EIIR, wato haruffan sunan Sarauniya a taƙaice, da kambi a sama, sai rubutun da ya zagaye mai ɗauke da ranar naɗin, 2 ga Yuni 1953. Zobe ne a samanta, ba huji ba. Ƙyallen da ake rataya ta da shi ja ne mai duhu, da siraran layuka shuɗɗa biyu a tsakiya da fari a bakin kowane gefe. An raba 129,051 a Birtaniya da ƙasashen renon Ingila. Ba a sassaƙa sunan mai ita a jiki. Guda 37 da aka bai wa ayarin da ya hau dutsen Everest a shekarar ne kawai aka sassaƙa wa sunan ayarin a gefe. Sunan mai ita yana kan takardar da ta zo tare da ita daga fadar Buckingham, don haka a sake bincika akwatin. Takardar na ƙara mata daraja sosai.

Ta tsaraba kuwa kamfanoni ne suka yi ta bugawa, hukumomin garuruwa suna raba wa 'yan makaranta. Ba ta da awo guda. Yawanci alminiyam ce ko tagulla da aka yi wa ruwan zinariya, an zagaye kan Sarauniya da rubutu, an huda samanta, wani lokaci har da sunan garin da ya raba.

Maganaɗisu ba ya raba gardama a nan, domin azurfa da tagulla da alminiyam duk ba sa kama shi. Nauyi ya fi. Azurfa ta kusan ninka alminiyam huɗu a nauyi, da an ɗora a tafin hannu za a ji. Sai a dubi tsatsar: azurfa baƙi take yi a lungunan haruffa, tagulla kore, alminiyam kuwa dusashewa take yi kamar tsohuwar tukunya.

Akwai jabun ta gwamnatin. Ta ainihi bugu ce, haruffanta tsaf. Jabu sau da yawa zubi ce: haruffa a dagule, ƙananan ramuka a fili, da layin haɗi a gefe inda bakin mazubi ya haɗu.

In abin da ke hannunka ya kai milimita 38 kuma Sarauniya na kan doki, to ba lamba ba ce, kuɗi ne, sule biyar na naɗin, kuma babu azurfa a cikinsa.

Ko wacce ce, kada a goge ta da toka, tsamiya ko lemun tsami. Gugar na cinye zanen, masu saye kuma nan take suke rage farashi. A naɗe ta a tsumma mai laushi, a ajiye inda babu laima, ƙyallen ma a bar shi a jikinta ko ya kode.