Ajin koyon rubutun labari ta WhatsApp: ya ci kuɗinsa, amma da sauran gyara

Ga 'yan'uwa masu tambayata ko ajin koyon rubutun ƙagaggen labari da na shiga bara ya ci kuɗinsa, amsata ita ce ya ci. Wata marubuciya ce mazauniyar Kano ke gudanar da shi, irin waɗanda suka fara tun zamanin da ake buga littafi a kai kasuwa, 'yanmata su karɓo haya a shago. Ana biya sau ɗaya ta banki, sai a saka ki a zauren WhatsApp. Darasi na zuwa bayan sallar isha'i cikin saƙon murya, aikin gida kuwa ranar Juma'a ake miƙawa. Kuɗin bai kai na turmin atamfa mai kyau ba.

Yawancinmu daga rubutun shafi-shafi muka fito. Kun san yadda abin yake: ki saki shafi yau, kafin gari ya waye wannan ta ce a kori kishiya, waccan ta ce a mayar da auren farko, ke kuma ki bi su don kada zaure ya watse. Dokar Malama ta farko ita ce babu mai sakin ko layi ɗaya sai ta san ƙarshen labarinta. Ta sa kowacce ta rubuta littafinta gaba ɗaya a shafi guda: me tauraruwar ke nema, wa ya tare mata hanya, me ta rasa kafin ta samu. Nawa labarin wata mai sayar da fura ce a Tudun Wadar Zariya, wadda baffanta ya riƙe gonar gadon mahaifinta. Da Malama ta karanta sai ta ce, "Ƙanwata, baffan nan naki mugu ne kawai. Ba shi dalili, ko da bashi ne ya yi masa katutu." Wannan magana ita ta buɗe mini littafin. Da na ba shi bashi da ɗiyar da zai aurar, sai shi ma ya zama abin tausayi, rigimar gonar kuma ta yi nauyin da zai riƙe babi ashirin.

Darasin da ya fi zauna mini shi ne na zancen taurari, wato yadda mutanen cikin labari ke magana. Ta ce a littattafanmu da yawa tsohuwa da jikarta baki ɗaya gare su, direba da alƙali ma haka. Sai ta ba mu aikin saurare: a gidan biki, a layin awo a asibiti, a cikin adaidaita sahu, mu rubuto yadda mutane ke magana, inda suke katse juna da inda suke kewaya abin da ba sa son faɗa. A nan na lura dattijuwa ba ta cewa ta yi fushi. Cewa take "ba komai, Allah ya kyauta," ta juya ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Wallahi tun daga lokacin zancen mutanena ya sauya. Ta kuma yi yaƙi da dogon lissafin motoci da kayan lefe, tana tambayar kowacce abin da akwatin goma sha biyun ya ƙara wa jigo.

Ƙa'idojin rubutu ma ba ta ɗaga ƙafa. Aikin da aka turo babu ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ, ko aka cakuɗa haɗewa da rabewar kalmomi, komawa yake wurin mai shi ba a karanta ba. Wasu sun ji haushi, ni kuwa na ga daidai ne.

Kusan ƙarshe ta sa mu rubuta gajeren labari da bai wuce kalma 1,500 ba, irin na gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016. Ta tuna mana cewa gasa tsohuwar ƙofa ce a adabinmu, domin ta wadda Baturen nan Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ne Abubakar Imam ya fito. Matse labari haka ya fi sakin shafi ɗari wuya.

Inda ajin ya gaza kuwa, mun yi wa malama ɗaya yawa. Wadda ta miƙa aiki da wuri takan sami gyara layi-layi, ta baya kuma sai "ya yi kyau, a ƙara ƙoƙari." Saƙonnin muryar na da tsawo, suna cin data, kuma in kina neman wata magana sai kin sake saurare daga farko, alhali da an biyo su da taƙaitaccen rubutu da an huta. Abin da ya fi damuna shi ne ba a ce komai kan abin da ke biyo bayan kammala littafi ba. Ba a faɗa mana cewa lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, a Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ake karɓarta ba, ba a taɓo yadda ake ciniki da maɗaba'a ba, balle abin da marubuciya za ta yi in ta tsinci littafinta ana karantawa a YouTube ba da izininta ba. Wannan shi ke sa mata da yawa ajiye alƙalami, bai kamata a tsallake shi ba.

Mai neman hanyar tara masu biya a zaure, ba ajinta ba ne. Wadda ke da labarin da ya tsaya mata a tsakiya kuwa, ina ba ta shawarar ta shiga, amma kafin ta tura kuɗi ta tambayi adadin ɗalibai, ta kuma tabbatar malamar da kanta ke duba aikin gida. Ni yanzu ina gyaran babi na ƙarshe, ina kuma neman wanda zai yi mini bayanin harkar bugu.