Wata 8 ina zuwa sashen masu ciwon hanta

Jini na je bai wa ƙanwata da ta haihu, aka ce nawa ba zai yiwu ba, ina ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Alhali ko zazzaɓi ba na yi.

Daga nan aka tura ni sashen hanta na wani asibiti a Kano. Abin da ya fi burge ni, likitar ba ta yi gaggawar rubuta magani ba. Sai da aka auna yawan ƙwayar cutar a jinina, aka gwada aikin hanta da na ƙoda, aka yi hoton ciki, sannan ta ɗora ni kan tenofovir, ƙwaya ɗaya kullum. Ta ce, "Malam, yana danne cutar ne, ba ya kawar da ita. Kada ka daina da kanka, kuma ka bar jiƙe-jiƙen nan." Matata da yara an gwada su, babu, aka fara musu rigakafi, allura 3.

Inda suka gaza: layi. Nakan zo ƙarfe 7, sai azahar nake ganin likita. Gwajin ƙwayar cutar kuma akwai tsada, sakamakonsa sai da ya yi mako 3.

Duk da haka na kai yayana can, ranar Talata zai karɓi nasa sakamakon.