Filin ya yi kyau, amma ragar da ɗan kwangila ya saka min ta kusa raba yaro da idonsa

Wata huɗu ke nan da ɗan kwangilar nan ya miƙa min makullin filin wasan harbin fenti da na ba shi aikin haɗawa a Sharaɗa, kuma tun daga ranar mutane ke bina a WhatsApp in tura musu lambarsa. Ban tura wa kowa ba. Na ga gara in rubuta yadda muka yi da shi, duk wanda zai ba shi aiki ya ba shi da saninsa. Ba zan kama suna ba. Masu harkar sun san wanda nake nufi, duka-duka mutum nawa ne ke irin wannan aikin tsakanin Abuja da Kano?

Tsohon sito ne na gado, tsawonsa ƙafa 110, faɗinsa ƙafa 65, ya daɗe a rufe tun da masu haya suka tashi. A Abuja na fara buga fentbol, wato wasan harbin fentin, a filin waje, kuma tun a can na san cewa ranar Kano ta watan Afrilu ba za ta bar kowa ya yi gudu da makarin fuska ba, da damina kuma laka ce za ta kore mu. Shi ya sa na ce a cikin gini zan yi nawa.

Zan fara da ba shi haƙƙinsa, domin mutumin ya san aiki. Ranar da ya zo da tef ɗin awo bai yi min daɗin baki ba. Ya ce filin gasa ƙafa 150 ne da 120, nawa bai kai ba, don haka in cire gasa daga raina, in tsaya a mutum biyar-biyar. Na so a goge daɓen a yi masa fenti mai sheƙi, ya ce a'a, ruwan da ke cikin ƙwallon fenti santsi ne da shi kamar mai, idan ya zuba a kan siminti mai sulɓi sai an yi ta kwasar karaya. Ya sa aka karkata daɓen kaɗan zuwa gefe guda, aka yanka kwata, aka shimfiɗa ciyawar roba layi-layi yadda za a iya naɗe ta a wanke ƙarƙashinta. Ginshiƙai huɗu da ke tsakiyar siton, waɗanda nake ganin su ne za su ɓata komai, ya naɗe su da katifa da tamfol suka koma maɓoya. Sauran maɓoyan masu iska ya jera su yadda duk abin da ke ɓangaren nan akwai irinsa a wancan, har ya tsaya a wurin farawa yana leƙe ta kowace kusurwa don kar a iya harbin mutum tun bai motsa ba. Shi ya hana ni sayen silindar iskar CO2 don bindigogin, ya ce mu yi amfani da matsattsiyar iska, tankuna masu ƙarfin matsi psi 3000, aka ware wa kwamfiresa ɗakinta a baya. Har ɗan ƙaramin ɗaki mai AC ya sa na yi wa katan-katan ɗin ƙwallayen, saboda ɓawonsu na jelatin ne, zafi da raɓa suna sa su yi laushi su kumbura su riƙa maƙalewa a bindiga. Wallahi a lokacin duk inda na zauna sai na yabe shi.

Ranar wata Asabar bayan la'asar muka sa gwajin farko, kafin a buɗe wa jama'a. Abokai goma, bindigogi samfurin Tippmann 98 sababbi fil, duk an auna su da na'urar auna gudu an tsayar da su a ƙafa 280 a daƙiƙa ɗaya. Wanda bai saba ba zai ji lambar kamar wasa, amma gudun ya haura kilomita 300 a awa. Yayata ta zo da 'ya'yanta su yi kallo. Ƙaraminsu, ɗan shekara tara, ya riƙe min riga yana ta magiya: "Kawu, don Allah ni ma a ba ni bindiga, ko sau ɗaya ne." Na ce masa ya yi ƙanƙanta. Na kama hannunsa da kaina na kai shi wurin 'yan kallo, na ce, "Tsaya nan bayan raga, a nan ba abin da zai same ka." Har yau idan na tuna wannan maganar tawa sai in ji ƙirjina ya yi nauyi.

Ragar baƙa ce, daga ƙasa har rufi, an ɗaure ta tamau kamar fatar ganga, ga kyau a ido. Yaron ya zura yatsunsa a jikinta, hancinsa ya kusa taɓa ta, yana ihu yana nuna wa yayansa inda abokin gaba ya ɓuya. A zagaye na biyu wani ya yi harbi daga kusurwar hagu, wanda aka nufa ya sunkuya, ƙwallon ya wuce kai tsaye ya daki raga. Na ji tas, sai kuma ƙarar yaron. Ina cire makarin fuskata na hango shi durƙushe, hannu biyu a kan ido, fenti ruwan ɗorawa yana bin tsakanin yatsunsa, ga wani ja-ja a ciki da na kasa gane ko jini ne. Uwarsa ba abin da take maimaitawa sai innalillahi. Da ƙyar muka ɓamɓare hannunsa muka zuba masa ruwan leda, shi kuma sai cewa yake, "Kawu, ba na gani, ba na gani."

Ban san yadda na tuƙa motar zuwa asibiti ba. Likita ya wanke wurin, ya haska, ya ce gutsuren ɓawon ƙwallon ne ya yanke shi a ƙasan fatar ido, ƙwayar idon lafiya lau, fenti da hawaye ne suka hana shi gani. Sai ya nuna min da yatsa tazarar da ta rage, ba ta kai faɗin farce ba. Alhamdu lillahi. Kwana biyar idon na kumbure. Yaya ba ta yi min faɗa ba, abu ɗaya kawai ta ce a mota: "Kai fa ka ce masa ya tsaya a wurin." Da faɗan ta yi min da ya fi min sauƙi.

Washegari da sassafe na koma filin ni kaɗai. Na rataya farin kwali a bayan ragar, na auna ƙafa 15, na yi niyyar harbi goma a wuri ɗaya. Tun a na farko kwalin ya cika da feshin fenti. A na uku na ga gutsattsarin ɓawo sun manne a jikinsa. A na bakwai zaren ya buɗe, ƙwallo ya wuce ɗungurungum ya fashe a kan kwalin. Ban ƙarasa goman ba. Na kira wani abokina da ke da fili a Abuja ta bidiyo na haska masa saƙar, bai yi daƙiƙa biyar yana kallo ba ya ce, "Wannan ai ragar inuwa ce, irin ta rumfar mota da masu rainon shuke-shuke." Ya ce ta fentbol ƙananan idanu ne da ita, an saƙa ta ne don ta tare ƙwallo da ɓawonsa, kuma ba a ɗaure ta tamau, ana barin ta da ɗan sako-sako don ta shanye ƙarfin harbi. Sannan dole a ja layi ko a kafa shinge da zai hana mai kallo matsowa jikinta. Ko ɗaya daga cikin ukun babu a nawa filin.

Na buga wa ɗan kwangilar waya. "Injiniya, wace irin raga ka saka min?" Ya ce, "Alhaji, raga ai raga ce. Waccan ɗin kafin ta iso daga waje ta fito daga Legas sai an yi wata biyu, ga yadda dala take." Na ce, "To me ya hana ka faɗa min in zaɓa da kaina?" Ya yi shiru, sannan ya ce yaron ne ya matsa kusa da yawa. Yaro ɗan shekara tara! Wa ya tsara wurin kallon? Wa ya ajiye benci taku ɗaya daga raga? Abin da ya fi ƙona min rai, har muka yi minti goma muna magana bai tambayi jikin yaron ba, sai da ni na ce masa an sallame mu. Ga takardar ƙiyasin da ya ba ni tana hannuna, da rubutunsa, ragar fentbol ya rubuta, kuma kuɗinta na biya tun a kafin alƙalami. Kun dai san bambancin farashin biyun a kan kowace mita, sai ku lissafa bango mai tsawon ƙafa 65 daga ƙasa har rufi.

Daga nan ne abubuwan da na riƙa kawar da kai a kansu suka dawo min ɗaya bayan ɗaya. Aikin da ya ce sati takwas ya kai sati goma sha huɗu, kullum uzuri, yau mai walda ya yi tafiya, gobe kaya na hanya. Fitilun sama ya bar su tsirara ba kariyar waya, a gwajin nan ma an fasa guda biyu, Allah ya sa na roba ne ba gilashi ba. Makaran fuskar da ya kawo masu gilashi ɗaya ne, minti biyar ka yi gudu sai hazo ya rufe maka gani, alhali mun yi magana a kan masu gilashi biyu. Kuma wannan ba maganar jin daɗi ba ce kawai, domin wanda bai gani shi ne zai ɗaga makari a tsakiyar fili ya goge, a nan ne ake rasa ido. Fankokin zuƙe iska biyu ya saka a siton da rufinsa kwano ne zalla, da azahar cikinsa kamar tanda. Duk waɗannan da na ɗauke su ƙananan abubuwa, yanzu na ga hali ɗaya ne: abin da mai kuɗi zai gani ya yaba, ya yi shi da kyau ƙwarai, abin da ya san ba zan iya bambancewa ba, a nan ya rage.

Duk da haka ba zan yi masa ƙarya ba. Daɓen nan har yau ba wanda ya zame, muna wanke shi da tiyo ruwan ya bi kwata ya fita. Tsarin maɓoyan kuwa duk wanda ya buga sai ya ce wasan yana da daɗi, ba ɓangaren da ya fi wani sa'a. Kwamfiresa ba ta taɓa ba mu matsala ba. Shi ya sa abin ke ci min rai, domin ba jahilci ba ne. Mutumin da ya san santsin fenti a kan siminti, ya san zafin da ke lalata ƙwallo, ba zai ce min bai san ragar inuwa ba.

Na rufe filin sati bakwai har ragar gaske ta iso. Wani daban na kira ya rataya ta, da sako-sakonta, muka kafa shingen ƙarfe ƙafa biyar daga jikinta, muka mayar da benci bayansa, aka yi wa fitilu kariya, na ƙara fanka biyu. Kafin in bar kowa ya shiga na sake rataya farin kwali, harbi goma a wuri ɗaya, sai ɗan feshi kamar yayyafi, babu ɓawo ko ɗaya. Yanzu duk ranar Litinin sai na yi wannan gwajin a wurare uku.

Cikon kuɗinsa yana hannuna, kuma na gaya masa a gaban wanda ya haɗa mu cewa sai an cire kuɗin raga da na asibiti sannan mu yi lissafi. Sau biyu yana aiko a ba ni haƙuri, shi da kansa bai zo ba, bai kuma je ya duba yaron ba. Idan kun ba shi aikin daɓe da tsarin fili, ba zan hana ku ba, amma raga da makarin fuska ku saya da hannunku, ku gwada da idonku. Tsohuwar ragar tana naɗe a ɗakin kwamfiresa, na ƙi sayar da ita don kar ta sake komawa wani filin. Yaron ya warke, sai ɗan tabo siriri a ƙasan idonsa na dama. Jiya ma ya kira ni da wayar uwarsa yana tambayar yaushe zai dawo kallo, na ji muryarta daga nesa tana cewa ya ajiye wayar.